Sauro Uku a Ɗaki Ɗaya: Abin da Gurbin Rayuwa Ya Tona Game da Masu Yaɗa Maleriya

A shekarar 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka zaɓi gundumar Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, yau kuma take Jigawa, domin su gwada abu guda: in aka haɗa feshin ɗakuna da rabon magani ga kowa da kowa, za a iya tsinke yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro a ƙasa irin tamu, mai gajeruwar damina da dogon rani? Aikin ya kai har 1976. Da ƙidaya aka fara: sauro nawa ke cizon mutum a dare, nawa ne a cikinsu ke ɗauke da ƙwayar cutar, jinin mutum nawa ne ke da ita. A daminar 1972 da ta 1973 aka bi ƙauyuka ɗaki-ɗaki ana fesa wa bango maganin propoxur, a wasu ƙauyukan kuma aka haɗa da rabon ƙwayoyi.

Feshin ya yi aiki, ba a ce bai yi ba. Ƙarfin sauro na yaɗa cutar ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Amma yawan mutanen da ake samun ƙwayar falciparum, nau'in ƙwayar maleriya mafi haɗari, a jininsu bai ragu da abin da ya wuce kashi 25 ba. Inda aka haɗa da magani cutar ta ja baya sosai, sai dai ba ta tsinke ba, da aka tsayar da aikin kuwa ta dawo. Dalili ɗaya shi ne cizon ya yi yawan da ko an zabge kashi tara cikin goma, ragowar ya isa ya riƙe cutar. Dalili na biyu shi ne wanda ya dame mu a nan: an tsara feshin ne bisa zaton cewa duk macen sauron da ta sha jini za ta sauka a bango ta huta. Sai ga shi wani kaso nasu ba sa yin haka. Su sha, su fice, su kwana a waje. Ba kuma tsautsayi ba ne, irin nasu ke nan.

Tun kafin Garki an ga alamar haka. A tsakiyar shekarun 1950, lokacin wani aikin feshi a yammacin lardin Sakkwato, aka tarar sauron Ambursa kusa da Birnin Kebbi ya daina jin maganin dieldrin. Aka kai irinsa Landan, George Davidson ya shiga haɗa shi barbara da sauron wasu wurare don ya gano yadda ake gadon wannan taurin. Ya samu amsar da yake nema, ya kuma ci karo da abin da bai nema ba: wasu haɗe-haɗen na haifar da maza marasa haihuwa. Zuwa farkon shekarun 1960 ta tabbata cewa abin da ake kira Anopheles gambiae tun 1902 ba nau'i ɗaya ba ne. Gungu ne na nau'o'i masu fiffike iri ɗaya, ƙafa iri ɗaya, baki iri ɗaya, waɗanda ko ƙwararre ya sa su a madubin ƙara girma ba zai raba su ba. Kama da wane ba ta wane.

To in ido bai raba su ba, me ya raba su? Yadda kowa ke rayuwa. Anopheles melas na ƙyanƙyasa a ruwan gishiri-gishiri na gaɓar tekun Afirka ta Yamma, merus na yin haka a gaɓar gabas. Quadriannulatus na kudancin Afirka dabbobi yake cizo, don haka ba ruwansa da yaɗa maleriya. Bwambae bai wuce kewayen maɓuɓɓugan ruwan zafi na dajin Semliki a Uganda ba. Wannan shi ne abin da masana muhalli ke kira gurbin rayuwa: jimillar sharuɗɗan da wata halitta ke buƙata don ta rayu ta hayayyafa, da irin rawar da take takawa a tsakanin maƙwabtanta.

Tunanin ya daɗe. Joseph Grinnell ya yi amfani da shi a 1917 wajen bayyana abin da ya tsare wani tsuntsu a cikin sarƙaƙiyar dajin Kaliforniya. Charles Elton a 1927 ya karkata shi zuwa ga me halitta ke ci, wa kuma ke cin ta. Georgy Gause ya nuna a 1934, da ƙananan halittun ruwa a cikin kwalba, cewa nau'i biyu masu dogaro da abinci ɗaya a hanya ɗaya ba sa daɗewa tare, dole ɗaya ya kori ɗaya. Sai G. Evelyn Hutchinson a 1957 ya kawo rabewar da ta fi amfani: akwai gurbin da halitta za ta iya cikawa da an bar ta ita kaɗai, akwai kuma wanda take ciki a zahiri bayan abokan takara da masu farautarta sun matse ta. Daga nan tambaya ke fitowa: in ka tarar da nau'i biyu ko uku masu kama da juna a ƙauye ɗaya, a ɗaki ɗaya, suna shan jinin mutum ɗaya, kuma shekara da shekaru babu wanda ya kori wani, to akwai inda suka raba hanya. Aikinka shi ne ka nemo wurin.

Abin da Coluzzi ya gani a Garki

Mario Coluzzi, masanin ƙwari daga Jami'ar Sapienza ta birnin Rum, yana cikin waɗanda suka bi diddigin sauron Garki. Hanyarsa mai cin rai ce. A kama tamata wadda ta sha jini ƙwanta ya fara kosawa, a ciro manyan kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gado, da ke cikin jakar ƙwan, a rina su, a karanta ratsin da ke jikinsu a madubi. Da ratsin ake gane wannan gambiae ce, waccan arabiensis ce, wani nau'in na cikin gungun. Nan take bambanci ya fito: arabiensis ya fi jure fari, ba ya ƙin jinin saniya in ya samu, kuma ya fi son hutawa a waje; gambiae ya fi manne wa mutum da ɗakinsa, kuma damina ce lokacinsa.

Ya ga abin da ya fi wannan zurfi. A jikin kuromosom ɗin akwai wuraren da wani yanki ya taɓa tsinkewa, ya juya, ya sake maƙalewa a kife, 'ya'ya kuma su gaje shi a dunƙule. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira 2La, da ƙyar ake ganinsa a sauron kurmin kudancin Najeriya, amma kana tahowa arewa yana ƙaruwa, har ya zama kusan kowane gambiae na ɗauke da shi. A wuri ɗaya ma yawan irin waɗannan juye-juyen na hawa da sauka tsakanin damina da rani. Sannan waɗanda ke ɗauke da tsarin da ya dace da busasshiyar ƙasa sun fi yawa a cikin ɗaki, inda iska ta fi bushewa da dare, masu ɗaya tsarin kuma sun fi yawa a waje. Coluzzi da abokan aikinsa sun wallafa wannan a 1977 da 1979. Ma'anarsa ga mai feshi a fili take: bangon da ya fesa yana kashe wani ɓangare ne na sauron, ɗaya ɓangaren kuma bai taɓa sauka a kai ba, kuma shi zai haifi na baɗi.

A Mali, Yeya Touré da Coluzzi suka tarar cewa shi kansa gambiae ɗin ya kasu gida-gida, suka sa musu sunayen Mopti, Savanna da Bamako. Da gwajin DNA ya zo, a 2001 aka tsayar da rabewar a kan kashi biyu, M da S. A 2013, shekara guda bayan rasuwar Coluzzi, aka ɗaga kashin M ya zama nau'i mai cin gashin kansa, aka raɗa masa Anopheles coluzzii, S ya riƙe tsohon sunan gambiae. Ke nan a yawancin ƙauyukan Sahel da savana uku ne ke aiki: arabiensis, gambiae da coluzzii. Akwai funestus kuma, wani sauron mai yaɗa maleriya, amma shi ba ɗan gidan ba ne, ruwa mai ciyayi da inuwa yake bi, labarinsa daban.

Shinkafar Kwarin Kou

Gambiae da coluzzii su ne suka fi wuyar rabewa, domin manyansu kusan komai nasu ɗaya: mutum suke cizo, cikin dare, cikin ɗaki. Rabuwar tana wajen tsutsa. Kimanin kilomita 30 arewa da Bobo-Dioulasso a Burkina Faso akwai Kwarin Kou, inda aka kafa aikin noman shinkafa na ban-ruwa tun wajen 1970. A ƙauyukan da ke tsakiyar shinkafar coluzzii ne ke mulki. Ka yi 'yar tafiya zuwa ƙauyukan tudu irin su Soumousso, inda sai an yi sama ruwa ke kwanciya a sawun mota da sawun shanu da ramin ɗiban ƙasa, sai ka tarar gambiae ne ya fi yawa da damina.

Bayanin da zai fara zo wa kowa shi ne ruwan shinkafa bai karɓi tsutsar gambiae ba. Abdoulaye Diabaté da abokan aikinsa suka gwada. Suka dasa tsutsar nau'o'in biyu a cikin keji, wasu a ruwan shinkafa, wasu a ruwan kwance na damina. Muddin kejin ya tsare tsutsar daga masu cin ta, gambiae ba ya shan wahala a ruwan shinkafa ko kaɗan, yana ma gaba da coluzzii wajen saurin girma. Da aka shigo da maci-tsutsa cikin lissafi, musamman wani ƙwaron ruwa mai iyo a rigingine wanda ya cika gonakin shinkafa, sai reshe ya juye: coluzzii ne ke fin tsira. Binciken da Geoffrey Gimonneau ya yi daga baya ya nuna dalili. Tsutsar coluzzii in ta ji alamar maƙiyi takan rage motsi ta lafe a gefe, ta gambiae kuwa ta ci gaba da kai-kawonta na neman abinci.

Kowanne da hikimarsa. Ruwan sawun saniya kwana nawa zai yi kafin rana ta shanye shi? Wanda ya ƙyanƙyashe a ciki ba shi da lokacin ɓuya, dole ya ci da sauri ya fita, kuma maci-tsutsa ba su cika samun zama a irin wannan ruwa ba. Ruwan shinkafa kuwa wata da watanni yake yi, babu gaggawa, amma cike yake da maƙiya. A ganina babu misalin da ya fi wannan fito da rabewar Hutchinson a sarari. Gonar shinkafa na cikin gurbin da gambiae zai iya cikawa. Ba zafin ruwa ko laka ne suka hana shi ba, wani ƙwaro ne. Wanda ya tsaya ga auna zafi da zurfin ruwa da gishirinsa kaɗai zai ƙare aikinsa bai gane komai ba.

Rabuwar ta kai har wajen barbara. Mazan sauro kan yi dandazo da magariba suna shawagi a kan wata alama a ƙasa, mata su shigo a haɗu. A wani ƙauyen Mali Diabaté ya tarar dandazon gambiae a kan fili fetal yake yi, na coluzzii kuma a kan wurin da launi biyu suka haɗu, kamar bakin rijiya, juji, ko inda ciyawa ta yi iyaka da turba. Shi ya sa a yawancin Afirka ta Yamma ruwa-biyun da ake samu tsakaninsu ba sa kai kashi ɗaya cikin ɗari, duk da cewa in aka kulle su a keji ɗaya suna haihuwar 'ya'ya masu haihuwa.

Ina suke shiga da rani?

A Sahel akan yi wata shida ko bakwai babu ɗigon ruwa a kwance, sauro kuwa in ya yi tsawon rai ya yi 'yan makonni. Amma ana yin ruwan farko, kafin kwana goma su cika, ɗakuna sun cika da sauro. Wannan lokacin bai isa ƙwai ya zama tsutsa, ya zama babba, ya hayayyafa har ya yi wannan yawan ba.

A ƙauyen Thierola na Mali, ƙungiyar Tovi Lehmann da Adama Dao ta shafa wa sauro kusan 7,000 fenti a ƙarshen daminar 2008 ta sake su. Bayan wata bakwai, da aka yi ruwan farko, aka kama tamata guda da fentinta a jiki, kuma coluzzii ce. Guda ɗaya tak, mai shakka na da damar ya yi shakka. Amma ƙidayar shekara biyar da suka wallafa a 2014 ta ƙarfafa maganar: coluzzii na bayyana da yawa daf da ruwan farko, yakan ma ɓullo na 'yan kwanaki a tsakiyar bazara ya sake ɓacewa, alhali gambiae da arabiensis sai damina ta yi nisa suke taruwa. Fassarar da suka yi ita ce coluzzii na lafewa a wani maɓoya ya rage aikin jikinsa har ruwa ya dawo, kamar yadda gaiwa ke yi a cikin busasshiyar laka, sauran biyun kuwa ƙarewa suke yi a wurin, sai iska ta sake kawo su daga inda ruwa bai yanke ba.

Don gwada rabin maganar na biyu suka ɗaga raga mai danƙo da balan-balan zuwa tsayin mita 40 har 290 a sararin wasu ƙauyuka huɗu. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna sun kama Anopheles nau'i goma a can sama, mafi yawa mata, kuma yawancin matan sun riga sun sha jini. An ƙiyasta iska na iya kai su ɗaruruwan kilomita a dare guda. Har da coluzzii a cikin kamun, abin da ke nuna rabon aikin bai tsaftatu kamar yadda aka so a zana shi ba. Duk da haka an ƙara wa gurbin wani ma'auni da babu shi a lissafin Garki: ba ina kake ƙyanƙyasa da wa kake cizo kaɗai ba, har da yadda kake ƙetare rani. Wanda ya riga kowa isa ruwan farko ya samu watanni shi kaɗai kafin abokan takara su iso.

Taswira da iyakarta

A 2009 aka wallafa manyan bincike biyu, na Carlo Costantini a Burkina Faso da na Frédéric Simard a Kamaru, kowanne ya tattara sauro daga ƙauyuka kimanin 300, ya haɗa da bayanan ruwan sama, zafi, ciyayi da yawan jama'a, kwamfuta ta zana inda ya dace da kowane nau'i. A Burkina hoton ya zo da sauƙi: coluzzii da arabiensis sun fi ƙarfi a busasshiyar arewa, gambiae a kudu mai laima. Da a nan aka tsaya, da an rubuta cewa coluzzii sauron fari ne. Sai Kamaru ta ɓata lissafin, domin a can coluzzii ne ya mamaye gaɓar teku wajen Douala, inda ruwan sama ya fi ko'ina yawa. A Yaoundé kuma shi ne a tsakiyar birni, gambiae na ƙauyukan gefe, kuma gwaji ya nuna tsutsarsa ta fi jure ruwa mai ƙazanta.

Abin da ya haɗa gonar shinkafa a Sahel da unguwar talakawa a Douala ba yanayin sama ba ne. Ruwa ne da ba ya ƙafewa, kuma galibi mutum ne ya ajiye shi. Wannan ne ya sa nake ɗari-ɗari da taswirorin da ake zanawa da ma'aunin zafi da ruwan sama kawai. Suna nuna inda aka samu halitta, ba sa faɗin abin da ya ajiye ta a wurin, kuma da zarar an gina dam ko birni ya faɗaɗa sun tsufa. Mu ma nan gida muna da shaidar haka. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 noman rani ya kafu a Kadawa da Kura da Bunkure, ga kuma kwarin Haɗeja. Wani binciken masana Jami'ar Bayero da aka wallafa a 2014 ya tarar mafi yawan sauron da aka tara a Bunkure da Auyo coluzzii ne, arabiensis na biye. Wannan ba hujjar zagin noman rani ba ce. A Kwarin Kou kansa da wasu wuraren ban-ruwa an sha ganin sauro ya ninka amma zazzaɓi bai ninka ba, saboda dalilai da suka haɗa da yawan kwana cikin gidan sauro da samun kuɗin magani. Abin da yake nufi shi ne lokacin rabon magani da na feshi a Kura bai kamata ya zama kwafin na ƙauyen tudu ba.

Gurbin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. A yammacin Kenya, bayan gidan sauro mai magani ya yaɗu, gambiae mai cizo a ɗaki ya ragu ƙwarai, arabiensis mai iya komawa kan shanu ya zama shi ne mafi yawa. A Mali kuwa wani abu ya faru wajen 2006 wanda ya girgiza masu ganin katangar da ke tsakanin nau'o'in ba ta tsallakuwa. Gambiae ne ke da sauyin gado da ake kira kdr, mai sa sauro jure maganin da ake sa wa gidan sauro. Ta hanyar 'yan ruwa-biyun nan, sauyin ya tsallaka cikin coluzzii, cikin 'yan shekaru ya game shi. Coluzzii bai bar shinkafarsa ba, bai fasa lafewar rani ba, makami kawai ya ara. A Gini Bisau ma ruwa-biyun kan haura kashi 20 cikin ɗari. Nau'o'in na nan a rabe ne gwargwadon yadda hanyoyin rayuwarsu ke rabe.

Yanzu ga baƙo ya shigo. Anopheles stephensi sauron biranen Indiya da yankin Tekun Fasha ne, a tankin ruwa da rijiyar siminti da duro yake ƙyanƙyasa, wuraren da sauronmu na gida bai cika damuwa da su ba. An fara ganinsa a Jibuti a 2012, shekarar da ƙasar ta ƙirga masu maleriya 27 kacal. Zuwa 2020 sun haura 73,000. An same shi a Habasha da Sudan a 2016, a jihar Gombe a 2020, a Ghana da Kenya a 2022. Marianne Sinka da abokan aikinta sun ɗauki bayanan wuraren da yake zaune a Asiya suka zana gurbinsa, suka ɗora a kan taswirar Afirka, suka ƙiyasta a 2020 cewa mazauna birane kimanin miliyan 126 na iya shiga haɗari in ya bazu. A nan taswirar ta yi amfani, domin ta gaya wa hukumomin lafiya garuruwan da za su fara dubawa. Amma samunsa sai an sauya yadda ake nema. Ma'aikatan da aka horar su kama sauro a bangon ɗaki da asuba su kuma leƙa kududdufi za su iya wuce shi, tun da yakan huta a garken dabbobi, tsutsarsa kuma tana cikin tankin da magini ya tara ruwa a wurin gini, ko wanda mai gida ya cika saboda famfo ba ya kawowa. A Dire Dawa ta Habasha, ɓarkewar maleriyar da aka danganta da shi a 2022 a tsakiyar rani ta faru, lokacin da babu wanda ke tsammanin zazzaɓi.